Zuwa aiki bisa keke a birnin Yamai

Birnin Yamai ya yi faɗi ƙwarai. A ƙidayar shekarar 2012 an samu mazaunansa sun kai kimanin miliyan ɗaya, unguwanni kuma sun yi nisa da Filato inda galibin ma'aikatun gwamnati suke. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaune Talaje, ko Lazare, ko Haro Banda a ƙetaren kogi, yakan iske kuɗin taksi ko na esansi sun cinye wani babban kashi na albashinsa tun wata bai yi nisa ba. Wannan shi ya sa tunanin wasu ke komawa ga keke. Abu biyu ke tsaida su: tsoron rana da kunyar idon mutane.

Zafin Yamai kam ba abin wasa ba ne, domin a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 har ya zarce. Amma ba yini duka yake haka ba. Mafi sanyin lokaci shi ne hudowar rana, mafi tsanani kuwa tsakanin azahar da la'asar. Wanda ya fita ƙarfe 7 na safe yana tafiya sannu, zai ci kilomita 7 cikin rabin awa ba tare da ya jiƙe da zufa ba. Komowa ita ce mai wuya, saboda haka gara ya dakata sai rana ta yi sanyi.

Ga mai son farawa, lokacin ɗari ya fi dacewa, watau Disamba da Janairu. Daga nan zafi zai riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, jiki yana sabawa. Likitoci sun nuna cewa jikin mutum na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Kwana biyu a mako sun isa da farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Ruwa shi ne babban guzuri. Mai tuƙa keke cikin rana yana iya zubar da lita guda ta zufa a awa ɗaya, don haka ya sha kafin ya tashi, ya kuma riƙe gora. In ya ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ya sauka nan take ya nemi inuwa. Idan azumi ya faɗo cikin bazara, ajiye keken ba abin zargi ba ne. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara neman shawarar likita.

Tufafi su zama na auduga, masu haske, marasa matse jiki, a bar rigar aiki a biro. Rairayin unguwanni da ƙurar hunturu suna cin sarƙa, sai a riƙa goge ta ana ɗiga mata mai. Famfo da kayan faci kada su rabu da keke, haka ma fitila da birki mai kamawa. Bisa gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, hanya matsattsa ce. Motoci, babura da amalanke duk nan suke haɗuwa, sai an yi hattara.

Saura maganar kunya. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, zafi bai bambanta da na Yamai sosai ba, amma maza da mata suna zuwa aiki bisa keke, har an keɓe masu gefensu a wasu manyan tituna. Mutuncin ma'aikaci yana ga isa wurin aiki kan lokaci da kai iyalinsa ƙarshen wata ba da bashi ba. Abin da ya rage ga hukumomin birni da shugabannin ma'aikatu shi ne dasa itatuwa a bakin hanya, da keɓe wa kekuna gefen kwalta, da tanadar rumfar ajiye su da wurin wanke jiki a kowace ma'aikata.