Kano zuwa Jidda: Yadda yaƙin Sudan ya tsawaita tafiyar awa biyar

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, idan aka auna ta miƙe sambal. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda in ya daidaita a sama, don haka tafiyar ba ta cika wuce awa huɗu da rabi zuwa biyar ba, har da lokacin hawa da na sauka. Alhazai da yawa kan rikice da agogo in sun isa, saboda Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na safe zai sauka ya tarar ana neman ƙarfe biyar na yamma, ya ɗauka ya yi awa bakwai a sama.

Sai dai wannan lissafin yana tsayuwa ne kawai in hanya a buɗe take. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa Chadi, ta keta Sudan daga yamma zuwa gabas, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Ita ce dai hanyar da kakanni suka bi a ƙasa, da ƙafa ko a kan jaki da raƙumi, ana wata da watanni, wasu har shekaru, suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na Sudan har yau.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar Sudan, ana saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata. Najeriya na da kujeru 95,000 a waccan shekarar ta 2023. Dole jirage suka koma zagaye ta wasu ƙasashe, tafiyar ta ƙaru da awanni.

Ƙarin awa a sama ba gajiyar zama kaɗai ba ce, ko da yake dattijon da bai taɓa shiga jirgi ba ya fi kowa jin ta a ƙafa da ƙugu. Kowace awa tan-tan ce ta mai, ga kuɗin da kowace ƙasa ke karɓa kafin a ratsa samanta. Jirgin da ya daɗe a hanya kuma sawunsa na raguwa, sai maniyyata su yi ta kwana a sansanin alhazai suna jiran kira.

Kamfanonin jigilar suka tsaya kan sai an yi musu ƙari, aka daidaita da hukumar alhazai ta NAHCON a kan dala 250 ga kowace kujera. A lokacin tuni an sanar da kuɗin Hajji, galibin maniyyata ma sun riga sun kammala biya.