Idan Mota Ta Ce "Ƙas" Ta Ƙi Tashi

Daga Cirozerin zuwa Agadas tafiya ce ta kimanin kilomita 70. Daga garakkan Tabelot da Dabaga kuwa hanyar duwatsu ce da rairayi. A irin waɗannan wurare mota ɗaya takan yi wa gari guda aiki. Ita ke kai albasa da dankali kasuwa. Ita ce kuma ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Ranar da direba ya murɗa makulli, mota ta ce "ƙas" ta yi shiru, ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Mutane da yawa sukan ce batir ya mutu, su yi saurin sayen sabo. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa lau. A fara bincike tukuna.

A saurari ƙarar

Batirin mota yana da ƙarfin bolt 12. Shi ke ba da wuta ga na'urar da ke juya inji, wadda makanikai ke kira kik ko demarer. Wannan na'ura tana shan wuta mai yawa a lokaci guda.

Idan ƙarar ta zo a jere, "ƙas-ƙas-ƙas", wutar da ke isa ga kik ba ta isa ba. Ko dai batir ya yi sanyi, ko kuwa kawunansa sun yi datti ko sun saki.

Idan ƙarar ɗaya ce tak mai ƙarfi, sau da yawa kik ɗin ne da kansa ya gaji.

Akwai gwaji mai sauƙi. A kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallo, sannan a murɗa makulli. In hasken ya dushe, a duba batir da wayoyinsa. In hasken bai rage ba, a nemi matsalar wajen kik. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, domin kik yana yin zafi.

A duba kawunan batir

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar (+), ɗayan yana da alamar (–). A kashe mota, a girgiza kowace waya da hannu. In ta motsa, a ɗaure ta. Hanyoyin Abzin suna jijjiga mota, shi ya sa ƙusoshi ke saki.

In an ga farin gari ko kore ya taru a kai, shi ne ke tare wuta. A fara kwance wayar (–), sannan ta (+). A wanke kawunan da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. A kankare su har ƙarfen ya yi haske. Wajen mayarwa, a fara da (+), a ƙare da (–), a shafa ɗan giris. A kuma bi wayar (–) har inda aka ɗaure ta a jikin mota, don can ma takan yi tsatsa.

Idan batirin mai murafu ne, a leƙa ruwansa. Zafin ƙasarmu yana ƙafar da shi. A ƙara ruwan batir da ake sayarwa kaɗai. Ruwan rijiya yana da gishiri, yana lalata batir.

Yadda za a tada ta

In akwai wata mota kusa, ana iya aron wuta. Jar waya ta haɗa (+) da (+). Baƙar waya ta tashi daga (–) na batir mai kyau zuwa ƙarfen injin motar da ta ƙi tashi. A lura, wasu manyan motoci masu batir biyu suna aiki da bolt 24. Kada a haɗa irinsu da mai bolt 12.

Mota mai kuloci ana iya tura ta. A buɗe makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci. In ta ɗauki gudu, a saki kuloci.

In kik ne ya maƙale, a fitar da giya, a ja birkin hannu. Mutum ɗaya ya murɗa makulli, ɗayan ya ɗan buga jikin kik da ƙarfe a hankali. Wannan dabarar isa gari ce kawai. Gawayin da ke cikinsa ya cinye, sai makaniki ya sauya shi.

In mota ta tashi yau, gobe ta sake ƙi, a sa makaniki ya auna. Batir cikakke yana nuna bolt 12.6 in an kashe inji. In inji yana aiki, ya kamata a ga wajen bolt 14. In bai kai haka ba, na'urar da ke cika batir ce ba ta aiki, ko bel ɗinta ya saki. Sabon batir ma zai ƙare a banza.

A kiyaye lafiya

Ruwan da ke cikin batir yana ƙona fata, yana makantarwa. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a tafi asibiti. Batir yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka kada a haska shi da ashana ko a sha taba kusa da shi. A cire zobe kafin a taɓa shi. Tsohon batir yana da dalma mai guba, kada a bar shi inda yara ke wasa ko kusa da rijiya.

Ƴan'uwa direbobi da shugabannin ƙungiyoyin manoma, rigakafi ya fi magani. A buɗe murfin inji sau ɗaya kowane mako. A ajiye sufana da wayoyin aron wuta cikin mota. Motar da ake kai marasa lafiya da ita kuwa, a riƙa tada ta kowace safiya, ko da babu tafiya.