Kiwon Gida: Bazara Ce Ke Gwada Mai Kiwo

Duk wanda ya zaga unguwannin ma'aikata a Kaduna ko Kano ko Sakkwato da sassafe, da wuya ya wuce gida uku bai ji carar zakara ko kukan akuya ba. Tun shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kiran ma'aikata da 'yan makaranta da su yi lambu su kuma ajiye kaji a gidajensu. Shirin ya daɗe da wucewa, amma sha'awar ta zauna. Sai dai kiwon sha'awa ma kiwo ne, kuma lokacin da yake nuna wa mai shi haka shi ne bazara, watau daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko.

Dalili kuwa shi ne zafi. A watan Afrilu, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, zafin rana yakan haura digiri 40. Ita kuwa kaza ba ta gumi, ga shi zafin jikinta kansa ya kai wajen digiri 41. Ba ta da hanyar rage zafi sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Da ta shiga wannan hali sai ta rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, in abin ya tsananta kuma a wayi gari a tarar da ita a mace. Ma'aikacin da ya kulle kajinsa cikin akurki mai rufin kwano ya tafi ofis, ya dawo da yamma, yana iya tarar da rabin albashinsa kwance a ƙasa.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ɗora zana ko ciyawa a kan kwanon, a bar iska tana ratsa akurkin, kada kuma a cunkusa kaji da yawa wuri ɗaya. Ruwan sha a zuba shi a kasko na ƙasa a inuwa, a sabunta shi safe da rana, domin kaza takan ƙi ruwan da ya ɗumame, alhali a wannan lokaci ne ta fi bukatarsa. Tsaki da dusa kuwa a ba da su da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Zomo ma haka yake, har ya fi kaza rashin jure zafi, saboda haka kejinsa bai kamata ya rabu da inuwa ba.

Abu na biyu shi ne cuta. Babbar abokiyar gabar kajin gida ita ce cutar Niyukasil, wadda ke sa kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Ta fi ƙamari da hunturu, amma takan ratsa har cikin bazara, kuma sau da yawa kazar da aka sayo a kasuwa aka saki cikin sauran ita ce ke shigo da ita. Ba ta da magani in ta kama, sai dai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin maganin rigakafinta, har da wani iri mai jure zafi wanda ake ɗigawa a idon kaza, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Haka kuma duk sabuwar kaza ko dabba a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Idan kaji suka shiga mutuwa bi da bi, kada a yanka a ci, kada kuma a kai kasuwa. A sanar da malamin dabbobi, domin tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006 aka san cewa mutuwar kaji tana iya taɓa lafiyar mutane.

Ga mai akuya ko tunkiya kuwa, matsalar bazara yunwa ce. Ciyawa ta ƙare, harawa da ƙaiƙayi sun yi tsada, dabbar da aka saki ta yi yawo a gari sai ta koma cin leda a juji. Ledar ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa ga ciki a kumbure. Gara a ɗaure ta a turke cikin rumfa, a ba ta harawa da dusa da ɗan gishiri ko kanwa. 'Ya'yan gawo da ke zuba a wannan lokaci abinci ne mai kyau, kuma yara suna iya tsinto su. Idan ruwan farko ya sauka, a tsare dabba daga gyauron dawa, domin sabon tohonsa yana da guba. Kafin damina kuma a nemi allurar rigakafin cutar nan ta awaki da tumaki mai sa majina da gyambon baki da zawo, wadda likitoci ke kira PPR. Allura ɗaya tana tsare dabba shekara uku ko fiye.

Wanda ya fitar da dabbobinsa lafiya daga bazara, damina za ta biya shi. A lokacin ne zabi ke yin ƙwai, kuma da yake zabuwa ba ta cika kula da 'ya'yanta ba, akan sa wa kaza ƙwan ta yi kwanci a kai. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28. Zomanya takan haihu bayan wata guda, akuya kuma bayan wata biyar. Mai son ƙwai da yawa yana iya neman kazar Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwo ta Shika, kusa da Zariya, ta samar don yanayin ƙasar nan. Mai son akuya kuwa ba sai ya je nesa ba, ga jar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna saboda yawan tagwaye da kyawun fata.

Shawarar da ta dace da sabon shiga, ma'aikaci ne ko ɗalibi, ita ce ya fara da kaɗan: kaji biyar da zakara ɗaya, ko akuya ɗaya. Ya tanadi inuwa da ruwa da rigakafi tun kafin ya je kasuwa, ya kuma san wanda zai duba su sa'ad da yake ofis ko aji. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A sha'anin kiwon gida, kazar da ta ga ruwan farko da ranta, ita ce za ta cika akurki da 'yan tsaki.