Me ya haɗa santsin randa da gindin jirgin ruwa?

Duk wanda ya taɓa sa hannu a randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, a Unguwar Rogo ko wata unguwa a Sakkwato, ya san santsin nan mai yauƙi da ke manne a cikinta. Irinsa ne a jarkokin 'yan garuwa da tankunan gidaje. Ana ɗaukarsa dauɗa ce kawai, alhali taro ne na ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani.

Masu binciken teku na cikin waɗanda suka fara bin diddiginsa. A 1943, masanin Amurka Claude ZoBell ya nuna cewa bakteriyar teku ta fi bunƙasa idan ta sami abin da za ta manne wa. Da an tsoma ƙarfe ko gilashi a ruwa, sinadaran da ke narke a ciki kan lulluɓe shi cikin mintuna. Bayan sa'o'i bakteriya ta sauka, ta fitar da yauƙin da zai riƙe ta, ya kuma zame mata garkuwa. A teku, gansakuka da halittu masu ɓawo kan biyo baya, sai jirgi ya yi nauyin tafiya, ya ƙara shan mai. An daɗe ana shafa wa jirage fenti mai gubar TBT, har aka gano yana kashe halittun ruwa. Yarjejeniyar hana shi ta 2001 ta fara aiki a 2008.

A gida kuwa, lafiya ce ke cikin haɗari. Ƙwayar kwalara na iya fakewa a cikin yauƙin, inda sinadarin kulorin ba ya ratsawa sosai. Ke nan ko tsabtataccen ruwa aka zuba a jarka mai santsi, yana iya gurɓata.

Wannan ɗabi'a ta mannewa ta yi rana a Bangaladash. Binciken Rita Colwell na 2003 ya nuna cewa tace ruwa da zane ninki huɗu ya rage kwalara da kusan rabi, domin zanen na tare ƙananan halittun da ƙwayar ke manne wa.

Saboda haka ɗauraya kaɗai ba ta wadatar ba. A juye ragowar ruwa, a goge randa da jarka da soso da sabulu, a shanya su a rana, sannan a zuba sabo a rufe, musamman da damina.