Yadda kuɗin talabijin ya raba jami'o'in Amurka da maƙwabtansu

A Amurka ƙwallon jami'a ba wasan yara ba ne. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000, kuma duk Asabar ɗin kakar wasa miliyoyi ne ke zaune gaban talabijin suna kallon ɗalibai na buga ƙwallon nan tasu ta runguma da ture-ture. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, asali bisa maƙwabtaka. Amma yau Stanford, da ke Kalifoniya a bakin Tekun Pasifik, tana cikin ACC, rukunin jami'o'in gaɓar Atlantika.

Abin ya samo asali ne a 1984. Kafin nan hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ce kaɗai ke sayar da haƙƙin nuna wasannin. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka yi ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, sai kowane rukuni ya koma yana cinikinsa da kansa. Gidan talabijin ya biya rukuni dunƙulallen kuɗi, rukuni ya raba wa 'ya'yansa. Ka ga ke nan, duk jami'ar da za a shigo da ita sai an duba ko za ta ƙara auki, ko kuwa baki ne kawai ya ƙaru a kan akushi.

Jami'ar Rutgers ta isa misali. Ba wata ta-a-zo-a-gani ba ce a fagen ƙwallo, amma rukunin Big Ten ya ɗauke ta a 2014. Me ya sa? Tun 2007 rukunin ya buɗe tasharsa tare da Fox, kuma kamfanonin da ke kai tashoshi gidaje sun fi biyan tashar kuɗi a kan kowane gida idan akwai jami'ar rukunin a yankin. Ita kuwa Rutgers tana gab da birnin New York. Gidajen birnin aka saya, ko mazaunansu sun kalli wasan ko ba su kalla ba.

Da mutane suka fara barin rajista da waɗannan kamfanoni, sai lissafi ya koma kan manyan sunaye masu tara 'yan kallo. A 2021 Texas da Oklahoma suka bayyana komawa rukunin SEC, abokin cinikin tashar ESPN. Shugaban Big 12, rukunin da suka bari, har wasiƙa ya rubuta yana zargin ESPN da hannu a ciki, tashar ta musanta. A 2022 USC da UCLA na Los Angeles suka nufi Big Ten, ba a jima ba rukunin ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai ta sama da dala biliyan 7 da Fox da CBS da NBC.

Rukunin Pac-12, mai tarihi tun 1915, wanda USC da UCLA suka bari, shi ya kwana a ciki. Tayin da ya rage masa na Apple ne, wanda kuɗinsa ya rataya a kan yawan masu rajista. Ranar 4 ga Agustan 2023 jami'o'i biyar suka bayyana ficewa. Cikin goma sha biyu, a ƙarshe biyu kacal suka tsaya: Oregon State da Washington State.

'Yan ƙwallon ture-ture sau ɗaya suke wasa a mako, don haka tafiyar ba ta cika cinye su ba. Masu shan wuya su ne 'yan ƙwallon raga da na kwando, waɗanda kan ratsa kusan kilomita 4,000 daga Los Angeles zuwa New Jersey, inda Rutgers take, ga darasi na jiransu. A ganina su aka yi wa rashin adalci, don ba domin wasansu aka sake wannan rabo ba.