Aikatau na Kora a Jamusanci da Hausa

A harshen Jamusanci akwai aikatau *vertreiben*, wanda ake nufin korar jama'a daga mazauninsu da shi. Kalmar kashi biyu ce. Saiwarta, *treiben*, tsohuwar kalma ce ta makiyaya, watau a sa dabba gaba a bi ta da sanda. Ɗafin *ver-* kuwa shi ke ƙara ma'anar nesantawa har abu ya ɓace wa ido. Da wannan kalma dai Bajamushe kan ce ya watsa hajarsa a kasuwanni, amma wannan wani zance ne dabam.

Hausa ma turbar da ta bi ke nan. Makiyayi a fadamar Gwadangaji yakan kora shanu zuwa mashaya, babu ƙiyayya a ciki. In ya koro su, gida ya nufo da su. Amma da zarar an ce an kore mutane, to, an raba su da wurin ke nan ɗungum. Ashe aikin da ɗafi ya yi a Jamusanci, wasalin ƙarshe kaɗai ya yi shi a Hausa. A harsunan biyu an ɗauko kalmar dabba an ɗora wa ɗan Adam, shi ya sa take da zafi, har Bahaushe ya ce korar kare.

Saboda zafin nan ne mahukunta kan yi jayayya a kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, an tashi Jamusawa wajen miliyan 12 daga gabashin Turai. Jamus ta Yamma ta kira su *Vertriebene*, korarru, har ta yi musu doka a 1953. Jamus ta Gabas, wadda ke ƙawance da Rasha, ta ƙi kalmar, ta ce *Umsiedler*, masu sake mazauni.

Tarihin kwarin Rima bai rasa irin wannan ba. Fitar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804 hijira aka kira ta, kalmar da ke ɗaukaka mai fita, ko da yake matsin Sarkin Gobir Yunfa ne sanadi. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Littattafan masu jihadi sun rubuta wannan a babin nasara, su kuwa Kabawa kora suka gani. Daga baya sarautarsu ta zauna a Argungu, garin da ake cewa sunansa ya samo asali daga kiran "a yi gungu", watau a taru wuri guda.