Dirowa da laima daga jirgin sama: Abin da ya kamata ka sani

Wataƙila ka taɓa ganin bidiyon a wayarka: ƙofar ƙaramin jirgin sama a buɗe, mutum ya leƙa ƙasa, ya saki jiki ya faɗo cikin iska, can sai wani ƙyalle mai launi ya baje a samansa. Da yawa daga cikinmu abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne, "Wannan ai ganganci ne." Wasan yana da haɗari, babu mai musun haka. Amma abin da ke dawo da masu yin sa gida lafiya shi ne kayan aiki masu kariya hawa-hawa, da horo, da bin doka sau da ƙafa. Ƙarfin zuciya shi kaɗai ba ya sauke kowa lafiya.

Wane irin wasa ne wannan?

Laima a nan tana nufin babban ƙyallen da ke tare iska ya rage wa mai faɗowa gudu. Ta daɗe a duniya. A ranar 22 ga Oktoba, 1797, wani Bafaranshe mai suna André-Jacques Garnerin ya sauko da ita daga balan-balan a birnin Paris. A 1919 kuma, a Amurka, Leslie Irvin ya diro daga jirgi, ya faɗo na ɗan lokaci, sannan ya ja igiya ya buɗe laimarsa da hannunsa.

Dirowar wasa ta bambanta da ta sojojin laima, irin waɗanda ake horarwa a Jaji kusa da Kaduna. Soja yakan diro daga kusa da ƙasa da laima mai siffar ƙwarya, igiyar da ke ɗaure da jirgin ce ke buɗe masa ita nan take. Ɗan wasa kuwa yana hawa sama sosai, domin ya samu lokacin faɗowa kafin ya buɗe tasa.

Me ke faruwa daga ƙofar jirgi zuwa ƙasa?

Yawanci ana dirowa daga tsayin mita 3,000 zuwa 4,000. Can sama akwai sanyi, domin duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Bayan daƙiƙa goma ko sha biyu da barin jirgi, gudun faɗowarka zai tsaya a kan kimanin kilomita 200 a awa ɗaya idan kana rub-da-ciki. Ba ya wuce haka, saboda iskar da ke tokare jikinka ta daidaita da nauyinka. Kada ka ji tsoron shaƙewa, ana numfashi lafiya lau.

Daga mita 4,000, faɗowar takan ɗauki kusan minti ɗaya. Sai a buɗe laima, hayaniyar iska ta lafa, ka yi kamar minti biyar kana saukowa a hankali kana sarrafa ta zuwa filin sauka.

Me ke cikin jakar da ake goyawa?

Jakar tana haɗe da ɗamara mai ƙarfi wadda ke riƙe kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. A cikinta akwai laima biyu: babbar laima, wadda ake amfani da ita kullum, da laimar ko-ta-kwana.

Laimar zamani ba mai siffar ƙwarya ba ce. Fiffike ce mai kusurwa huɗu, an ɗinka ta da yadin nailan mai wuyar yagewa, an raba ta aljihu-aljihu, yawanci bakwai ko tara. Iska tana shiga ta bakin aljihunan ta gaba, ta hura su, sai fiffiken ya miƙe. Domina Jalbert, haifaffen Kanada, shi ya ƙirƙiro wannan tsari a shekarun 1960. Albarkacinsa laima take tafiya gaba, kuma ake iya juya ta. Akwai igiyoyin linzami biyu: ka ja na dama ta yi dama, ka ja na hagu ta yi hagu, ka ja su tare ta taka birki.

Wajen buɗewa, ɗan wasa yana zaro wata 'yar ƙaramar laima daga ƙasan jakar ya jefa ta cikin iska, ita kuma ta jawo uwar. Akwai wani ɗan ƙyalle da aka zura igiyoyin ta cikin kusurwoyinsa, wanda ke hana laimar bajewa farat ɗaya. Ba don shi ba, fizgar za ta iya ji wa mutum ciwo a wuya da baya.

Sauran kayan su ne agogon tsayi, wanda ake ɗaurawa a hannu yana nuna nisanka da ƙasa, da wani ƙarami a cikin hular kwano mai yin ƙara a kunne idan lokacin buɗewa ya yi, sai tabarau na kare ido da riga mai kama jiki. Babbar riga ko sakakken mayafi ba sa shiga wannan wasa, domin iska za ta iya naɗe su a kan mariƙan da rayuwarka ta dogara da su. Mace mai rufe kai tana iya sa abin rufewa mai kama kai, a cusa gefensa cikin riga.

Idan laimar ta ƙi buɗewa fa?

Yana faruwa. Kimanin sau ɗaya cikin dirowa dubu babbar laima takan samu matsalar da ba za a iya sauka da ita ba, kamar igiyoyi su harɗe ko ta buɗe tana wulwulawa. An shirya wa wannan tun daga ƙasa.

A gaban ɗamarar akwai mariƙi biyu. Na dama yana sakin babbar laimar gaba ɗaya ta tafi abinta, ta hanyar wasu zobba uku masu shiga juna da Bill Booth ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Na hagu yana buɗe laimar ko-ta-kwana. Tsarin shi ne dama tukuna, sannan hagu, don kada laimomin biyu su cukurkuɗe. Yawancin jakunkuna suna da wata igiya kuma da ke jawo ta ko-ta-kwana da zarar babbar ta rabu da kai.

Laimar ko-ta-kwana ba kowa ke naɗe ta ba, sai gwani mai lasisi. A Amurka doka ta ce a buɗe ta, a duba, a sake naɗewa duk kwana 180, ko da ba a yi amfani da ita ba. Gwanin yana rubuta ranar a wani kati da ke cikin jakar, ya sa hatiminsa.

Duk wannan yana buƙatar tazara, shi ya sa aka ƙayyade tsayin buɗewa. A dokar USPA, wato ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka, ɗalibi ba ya gangarowa ƙasa da kimanin mita 900 bai buɗe ba.

Idan mutum ya suma ko ya ruɗe fa?

An yi tanadin wannan ma. A cikin jakar akwai wata ƙaramar kwamfuta da ke auna tsayi da gudu ta hanyar nauyin iska. Idan ta ga an kusa ƙasa amma har yanzu ana faɗowa da gudu, sai ta yanke zaren da ya rufe laimar ko-ta-kwana, laimar ta fito da kanta. Wadda ta fi shahara ita ce CYPRES, ƙirar Jamus, da ta fito a 1991. Samfurinta na ƙwararru yana aiki a kusan mita 225 daga ƙasa, idan gudun ya haura mita 35 a daƙiƙa. Ka lura da ƙanƙantar wannan tazara. Na'urar matakin ƙarshe ce, malamai kuma suna nanata wa ɗalibai kada su dogara da ita.

To, ina ainihin haɗarin yake?

Alƙaluman USPA sun nuna cewa a 2023 an yi dirowa kusan miliyan 3.65 a Amurka, mutum 10 suka rasu. A shekarun 1970 kuwa, lokacin da masu wasan ba su kai haka yawa ba, ana rasa fiye da mutum 40 a shekara. Ingancin kaya da horo ne suka kawo wannan sauyi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, da yawa daga munanan haɗurra a yau suna faruwa ne bayan laima ta buɗe lafiya ƙalau. Kuma sau da yawa tsofaffin hannu abin ke samu. Ɗalibi ana ba shi faffaɗar laima mai saukowa a hankali, wadda ke yafe kuskure. Wanda ya ƙware kan koma ƙarama mai gudu, wadda idan aka juya ta da ƙarfi takan dulmiya ƙasa. Yin irin wannan juyi dab da ƙasa shi ne ya fi illa. Haka ma karo tsakanin laima biyu a sama, idan kowa ya tasar wa filin sauka ba tare da duba gefe ba.

Ƙananan raunuka kuwa, irin targaɗe da karayar idon sawu, yawancinsu a wajen sauka ne. Shi ya sa ake koyar da fuskantar iska lokacin sauka, da taka birki a daidai lokacinsa, da yadda ake haɗe ƙafafu a mirgina ta gefe idan saukar ta zo da ƙarfi.

Yaya ake koyo?

Hanya mafi sauƙi ta ɗanɗanawa ita ce dirowar haɗaka, wadda ake kira tandam. Ana ɗaure ka a gaban malami da ƙugiya huɗu, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ku diro da babbar laima ɗaya. Shi ke buɗewa a kusan mita 1,500, shi ke sauke ku. Bayanin da za a yi maka bai fi na rabin awa ba: ka gantsare idan kun fita, ka ɗaga ƙafafu idan za ku sauka. A tsarin USPA, malamin tandam sai ya yi dirowa aƙalla 500 kuma ya shekara uku a wasan.

Idan kana son ka iya da kanka, akwai kwas ɗin da ake kira AFF. Za ka fara da yini guda a aji, kana maimaita jan mariƙan nan biyu har hannunka ya saba. A dirowar farko kana goye da taka laimar, malamai biyu suna riƙe da kai dama da hagu, suna gyara maka kwanciya da alamun hannu. Kai za ka buɗe, sannan wani a ƙasa ya riƙa yi maka jagora ta rediyo. Matakan bakwai ne ko takwas, gwargwadon ƙasa, kuma wanda bai ci mataki ba sai ya maimaita. Akwai kuma tsohuwar hanya irin ta soja, inda igiyar jirgi ke buɗe wa ɗalibi laima a dirowarsa ta farko-farko. Wasu kan ƙara da atisaye a ɗakin iska, inda manyan fankoki ke ɗaga mutum ya koyi daidaita jiki ba tare da hawa jirgi ba.

Lasisin farko, mai suna A, yana buƙatar dirowa 25 da jarrabawa, har da iya naɗe laimarka. Na B 50 ne, na C 200, na D 500. Ko kyamara ba a son ka ɗaura sai ka kai 200, saboda tana ɗauke hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Wa ya kamata ya dakata?

A Amurka sai ka cika shekara 18. A Birtaniya ana karɓar ɗan 16 da izinin iyaye. Yawancin wurare suna da iyakar nauyi, kusan kilo 100 ko ɗan sama da haka, saboda ƙarfin kayan.

Mai juna biyu ba ta dirowa. Mai ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon baya, ko wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, ya ga likita tukuna. Mai cutar sikila ya yi hattara ƙwarai: jiragen wannan wasa ba a daidaita musu iskar ciki kamar na fasinja, kuma ƙarancin iskar shaƙa a can sama yana iya tayar da ciwon. Ko mura ce ta toshe maka hanci ka ɗaga ranar, don saurin saukowa yana matsa wa kunne. Giya da ƙwaya kuwa haramun ne a wannan fage.

Nawa ake kashewa, kuma a ina ake yi?

Wasa ne mai tsada. A Amurka tandam ɗaya yakan kai dala 200 zuwa 300, kuɗin bidiyo daban. Daga aji zuwa lasisin A mutum kan kashe dala dubu uku ko fiye. Sabbin kaya cikakku suna iya tasar wa dala dubu goma, shi ya sa da yawa ke farawa da na hannu, bayan gwani ya duba. Da zarar kana da lasisi da kayanka, kujerar jirgi dala 30 ce ko kusa da haka.

Wuraren da suka yi suna sun haɗa da Dubai, inda ake dirowa a saman tsibirin nan mai siffar dabino, da Empuriabrava a Sifaniya, da Eloy a jihar Arizona. A Afirka akwai Swakopmund a Namibiya, da Beni Mellal a Maroko, da wurare da dama a Afirka ta Kudu.

Me za ka tambaya kafin ka hau jirgi?

Ka tambayi wace ƙungiya ko hukuma ce ke sa ido a kan wurin. Ka nemi sanin lasisin malaminka da yawan dirowarsa. Ka tambaya ko jakar tana da na'urar nan mai buɗe laima da kanta, kuma yaushe aka naɗe ta ko-ta-kwana. Ka karanta takardar da za ka sa wa hannu, ka kuma duba inshorar tafiyarka, domin da yawa ba sa biyan raunin irin wannan wasa. Wurin kirki zai amsa maka duk waɗannan ba tare da ɓata rai ba.

Kada ka ji haushi idan aka ce yau ba za a tashi ba saboda iska ko hadari. A dokar USPA, ɗalibi ba ya dirowa idan iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 22 a awa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wurin da ke iya mayar da kai gida ba ka diro ba, alhali kuɗinka yake so, shi ne wanda ya cancanci ka ba shi amanar ranka. Kai ma kana da wannan damar: ko a bakin ƙofar jirgi ka ce ka fasa, malamin kirki zai koma da kai ku zauna.